Sunan Babana Cikin Akwati

Shekara talatin da ɗaya babana yana walda
a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Gdańsk.
Yanzu haka akwai jirage a tsakiyar teku
da ɗinkin hannunsa a haƙarƙarinsu,
kuma ba wanda ya taɓa yoyo.
Ran da aka rufe sashensu, cikin Nuwamba,
ya dawo da hular kwano da kofin shayinsa,
ya ce, aikin hannu ba ya ɓuya.

Ɗan maƙwabta ya tsara masa takardar neman aiki.
Ta yi kyau, ba ƙarya.
Suna can a goshin shafi, cikin akwati ruwan bula,
ɗan hoton waya gefen lamba,
ɗan hoton ambulan gefen imel,
adireshi an raba shi gida biyu kamar tagar coci.
Baba ya buga guda ya manna jikin firji.

Wuri arba'in da bakwai ya aika.
Yakan ajiye wayar kusa da kwanon miya,
yana taɓa ta, ko caji ne ya ƙare.
Shiru kake ji.
Dusar ƙanƙara ta rufe kekensa a baranda.

Ran Asabar na shigo jirgin ƙasa daga Toruń.
Na kwashe rubutun na zuba a farin shafi,
tsirara, yadda na'urar tace ma'aikata ke ganinsa.
Na ce, Baba, zo ka gani.
Ya gyara tabarau.
Ga waldar, ga shekarun, ga shaidar ƙwarewa,
amma ba suna.
Ba lamba, ba gari.
Na'urar ba ta leƙa goshin shafi,
ba ta buɗe akwati, ba ta san hoto ba.
Sau arba'in da bakwai ya yi sallama
fuskarsa a rufe.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, wato ba ƙi na suka yi ba, Jagoda?
Na ce, ba su ma san ka zo ba.

Muka zauna, shayi da lemon tsami yana hucewa.
Suna a layin farko, shi kaɗai, cikin jikin takarda.
Na rubuta kalmar waya da haruffa,
sannan +48, sannan lambar, ba baka, ba ado.
Imel ɗinsa na tsohon kifi da ya buɗe don raha
muka sauya shi da sunansa.
Gari da ƙasa sun isa,
ba mai neman hawa na huɗu, ƙofa ta hagu.
Akwatin na share. Layukan na miƙe.

Sai muka zo kan haruffa.
Wiesław Gołąbek.
Wani kamfanin waje ya taɓa maido masa sunan
da alamar tambaya uku a cikinsa.
Na ce mu cire 'yar sandar da ke kan lam,
da wutsiyar da ke ƙasan a.
Ya dafa tebur.
Ya ce, 'yar kurciya sunan ke nufi,
in kin fige ta me ya rage?
Muka ja har shayi ya yi sanyi.
A ƙarshe ya yarda da figaggiya ga na waje,
ta gida kuwa da gashinta.

Ya dubi sabuwar takardar, fara fat,
ya ce kamar takardar asibiti.

Ran Laraba ta sama ina layin biya a kanti ya kira.
Wata mata daga Stavanger, in ji shi,
ta kashe sunan kisan gilla,
shi kuma ya tsaya yana gyara mata,
gaɓa gaɓa, har sau uku,
kafin ya tuna ya tambayi ko wane aiki ne.

Mai ruwan bular tana jikin firji har yau.
Ya ce wannan ta mutane ce.